Tarihin Tara Tsofaffin Bindigogin Soja

Tara tsofaffin bindigogin soja sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai. Mai tarawa yakan sayi bindigar da wata runduna ta daina aiki da ita, ya goge ta, ya rataye ta a bango ko ya kwantar da ita a akwatin gilashi, sannan ya shiga binciken inda aka ƙera ta da hannuwan da ta bi kafin ta iso gare shi. Irin waɗannan makamai rarar kayan soja ne: gwamnati ta ƙera su ko ta saye su da yawa saboda yaƙi, yaƙin ya ƙare ko sabuwar ƙira ta fito, rumbuna suka cika, aka sa su a gwanjo. Galibin waɗanda ake nema an ƙera su ne tsakanin 1850 da 1945. A cikin wannan ɗan tsakani bindigar soja ta sauya kama sau da dama, kuma kowane sauyi yakan mayar da dubban ɗaruruwan bindigogi tsohon yayi a cikin 'yan shekaru.

Jera makamai don kallo ya riga kasuwar gwanjo da daɗewa, kuma sarakuna ne suka fara shi. A fadar Hampton Court, kusa da Landan, akwai zauren dogarai inda wani maƙerin bindiga mai suna John Harris ya jera wa Sarki William na Uku makamai kusan 3,000 a jikin bango wajen ƙarshen ƙarni na 17, bindigogi da takubba da masu, an shirya su zobe-zobe har kusa da rufi. Duk baƙon da zai gana da sarki sai ya ratsa ta wannan zaure ya ga abin da mai gida ya tanada. Makaman nan masu aiki ne a zamaninsu, an jera su don nuna ƙarfi. Masu tarawa na baya sun gaji tsarin jerawar, amma su bindigar da ta gama aikinta suke nema, domin labarin da ke jikinta.

Bindigar da sojan Ingila ya riƙe fiye da shekara ɗari, har da ranar yaƙin Waterloo a 1815, ita ce Brown Bess, dangin bindigar toka da maharban ƙasar Hausa suka sani. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, ƙanƙara ta ƙyasta wuta, cikin bututunta kuma sumul yake, don haka in abin hari ya wuce taku ɗari sai dai sa'a. A 1853 aka karɓi sabuwar ƙira da aka sa wa sunan Enfield, garin da masana'antar makaman gwamnati take a arewacin Landan. An yi wa cikin bututunta tsaga mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyi, ya yi nisa bai kauce ba. Harsashin yana zuwa ne a naɗe cikin takarda mai maiƙo tare da albarushinsa, soja ya ciji bakin takardar kafin ya ɗura. Da magana ta bazu a barikokin Indiya cewa maiƙon kitsen saniya ne da na alade, sojoji Hindu da Musulmi suka ga an taɓa musu addini. Dama ƙorafi ya daɗe yana taruwa kan mulkin Kamfanin Gabashin Indiya. Tawaye ya ɓarke a Meerut ranar 10 ga Mayu 1857, kuma a 1858 gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin. Bayan 'yan shekaru kimanin 900,000 na wannan bindiga suka tsallaka teku zuwa Amurka, inda ɓangarori biyu na yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 suka harbi juna da ita.

Tun kafin a gama wancan yaƙin ɗurin baki ya fara zama tsohon yayi. Ingila ba ta zubar da abin da ta tara ba. A 1866 ta ɗauki dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider: a yanke gindin bututun, a sa masa murfi mai buɗewa gefe, a riƙa zura harsashi mai kwanso ta baya. Sojan da a da ke harbi uku a minti ya koma yana yin kusan goma. Snider ya rasu a wannan shekarar cikin talauci, yana jayayya da gwamnati kan haƙƙinsa. Bindigar da ke ɗauke da sunansa ta fara babban aikinta ne a Afirka, a Magdala ta ƙasar Habasha a 1868, inda aka karya rundunar Sarki Tewodros. Ita sojojin Ingila suka riƙe a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, yaƙin da dakarun Hausawa na Kyaftin Glover, waɗanda aka kafa a Legas a 1863, suka shiga. Da Turawa suka sami wadda ta fi ta, sai suka miƙa ta ga sojojinsu baƙar fata, har ta kai ga ita dakarun kamfanin Turawan Ingila na Goldie suka riƙe, tare da bindigogin Maxim masu jigida, lokacin da suka ci Bida da Ilori a farkon 1897. Wannan tsari ya zama al'ada a duk daulolin mulkin mallaka: sabuwa ga Bature, wadda ya ajiye ga sojan ƙasa.

Wadda ta gaji Snider ita ce Martini-Henry, da aka karɓa a 1871. Sunanta na mutum biyu ne, Friedrich von Martini na ƙasar Suwizalan da ya gyara makullin, da Alexander Henry na Edinbara da ya tsara tsagar bututun. Harsashi ɗaya take ci, a ja wani mariƙi da ke ƙarƙashinta ƙasa, kwanson ya fito, a zura wani. Tana da duka mai nauyi a kafaɗa, kuma in ta yi zafi kwanson tagullarta mai laushi yakan maƙale. Ranar 22 ga Janairu 1879 mayaƙan Zulu na Sarki Cetshwayo, galibinsu da masu da garkuwar fata, suka murƙushe sansanin Ingila a Isandlwana, suka kashe fiye da mutum 1,300, suka kwashe bindigogin. Da yammacin wannan rana zuwa wayewar gari wasu sojoji kimanin 150 suka tsare tashar Rorke's Drift daga dubban Zulu, aka raba musu lambar Victoria Cross goma sha ɗaya. Fim ɗin Zulu na 1964, wanda aka yi kan wannan dare, shi ya mayar da Martini-Henry abin nema a wurin masu tarawa. Abin lura ne cewa kasuwa ta fi tunawa da ƙaramar nasarar Turawa fiye da babbar nasarar Zulu da aka yi a rana ɗaya da ita.

Sauyin da ya fi kowane girma daga Faransa ya zo. A 1884 masanin haɗa sinadarai Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma sojan Faransa ya karɓi bindigar Lebel mai cin harsashi takwas. Baƙin albarushi yakan tona asirin mai harbi da farin hayaƙi, ya toshe masa gani, ya cika bututu da dauɗa. Sabon ya kawar da wannan duka, ya kuma ƙara nisa. Cikin shekara goma kowace babbar ƙasa ta sake makamanta, rumbunan Turai suka cika da Gras ta Faransa da Vetterli ta Italiya da Remington da Snider, dillalai kuma suka juya da su zuwa Afirka da yankin Larabawa. Sarki Menelik na Habasha ya sayi duk abin da hannunsa ya kai, kuma da waɗannan bindigogi rundunarsa ta karya Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris 1896. A Sudan mabiya Mahadi sun sami nasu ne ta ganima, musamman Remington ɗin sojan Masar da suka kwasa bayan sun hallaka rundunar Hicks a Shaykan a 1883. Ƙarfin Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, shi ma a bakin bindiga yake.

Turawa sun ga haɗarin tun da wuri. Yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda aka ƙulla da sunan hana cinikin bayi, ta haramta sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya taso daga tsakiyar Sahara zuwa kusa da kudancin nahiyar. Bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa kaɗai aka bari. Sarakunan daular Usmaniyya ta Sakkwato da na Damagaram suna samun 'yan kaɗan ta hanyar ayarin Tarabulus da ta kudu, amma ba yadda za su wadaci runduna, ga kuma matsalar harsashi da ba a ƙera shi a gida. Wannan na cikin dalilan da suka sa sojojin Lugard, waɗanda ba su kai dubu ba, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Jarumtar mahaya ba ta gaza ba. Tazarar da ke tsakanin makaman ce ta yi yawa.

Ingila ta shiga sabon zamani da Lee-Metford a 1888, sannan Lee-Enfield a 1895, wadda aka gajarta a 1904 aka ƙara gyara ta a 1907. Gidan harsashinta na cin goma, makullinta yana da santsin ja, kuma ana horar da soja ya yi harbi goma sha biyar a minti yana saiti. An ƙera fiye da miliyan 17 a Enfield da Birmingham, da Ishapore ta Indiya, da Lithgow ta Ostireliya, da Long Branch ta Kanada, har da Amurka. Ita sojojin Nijeriya da na Gwalkwas suka rataya zuwa Habasha a yaƙin duniya na biyu, sannan zuwa Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da kuma cikin dakarun Chindit. Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga wancan yaƙi suka samo asali. Ingila ta maye gurbinta a 1957, amma ta ci gaba da aiki a hannun 'yan sanda a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, masu sintirin arewacin Kanada kuwa ba su fara ajiye ta ba sai wajen 2018. Takwarorinta ma haka aka zuba su: Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891, kimanin miliyan 37, Mauser Kar98k ta Jamus fiye da miliyan 14, Garand ta Amurka fiye da miliyan 5. Da aka ajiye makamai a 1945 duniya na da bindigogin da suka fi ƙarfin buƙatar kowace runduna.

Wanda ya fara mayar da rarar soja babbar kasuwa shi ne Francis Bannerman, haifaffen Dundee da ya tashi a Brooklyn. Gidansu ya fara sayen kayan gwanjon soja bayan yaƙin basasar Amurka, da farko don narkar da ƙarfe, sai ya lura cewa tsohuwar bindiga ta fi tsada in an bar ta yadda take. Bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 ya saye mafi yawan makaman da aka ƙwace. Kayan suka yi yawa, ajiye albarushi a cikin birnin New York ya zama haɗari, don haka a 1900 ya sayi tsibirin Pollepel a kogin Hudson, ya gina rumbu mai siffar ganuwar sarakunan Sikotilan, da sunansa da manyan baƙaƙe a jikin bango don masu wucewa a jirgin ƙasa su gani. Kundin hajarsa, mai ɗaruruwan shafuka da zane da bayanin kowane makami, shi ne littafin farko da masu tarawa da yawa suka yi karatu a kansa. Ya rasu a 1918, ɗakin albarushin ya fashe a 1920, gobara ta cinye ginin a 1969. Kangon yana nan ana kai masu yawon buɗe ido.

Bayan yaƙin duniya na biyu Samuel Cummings ya ɗauki wannan kasuwa ya kai ta inda Bannerman bai kai ba. Ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka, sannan a 1953 ya kafa kamfanin da aka sani da Interarms a Alexandria ta jihar Virginia. Yakan bi ma'aikatun tsaro na Turai da Kudancin Amurka ya saye rumbu sukutum, a loda a jirgin ruwa, a tallata a mujallu, a aika wa mai saye ta gidan waya kan 'yan daloli. Mafi yawan masu saye a lokacin mafarauta ne masu neman araha. Sukan yanke ƙota, su rage bututu, su huda ƙarfe su ɗaura madubin hange, su kankare tambari. Ɓarnar da aka yi wa tarihi a waɗannan shekaru ba ta da iyaka, kuma ita ce ta sa wadda ta tsira yadda soja ya ajiye ta take da tsada a yau.

Ta wannan hanya ta gidan waya ce Lee Harvey Oswald ya sayi Carcano, rarar sojan Italiya, daga wani kanti a Chicago a watan Maris 1963 kan dala 19.95 har da madubinta. Da ita aka harbe Shugaba Kennedy ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara. Bayan kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana sayar wa kowa da kowa bindiga ta gidan waya, ta kuma toshe shigo da rarar soja. A 1984 aka sassauta, aka yarda a shigo da waɗanda aka lissafa a matsayin kayan tarihi, wato galibi waɗanda suka haura shekara 50. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta buɗe rumbunan gabashin Turai, Mosin-Nagant ta riƙa isowa akwati-akwati, cikin maiƙo mai kauri da aka adana ta da shi, ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Da yawa daga masu tarawa na yau da ita suka fara.

Abin da ke riƙe mai tarawa na gaske shi ne karatun jikin bindiga. Gwamnatoci ba sa yarda da ɗan kwangila ko soja, saboda haka kowane mataki sai an buga masa hatimi a ƙarfe ko a katako. A jikin bindigar Ingila akwai kambin sarauta da baƙaƙen mai mulki: V.R. na Sarauniya Victoria, E.R. na Edward, G.R. na George. Ƙarƙashinsu sunan masana'anta da shekara. Alamar kan kibiya na nufin dukiyar gwamnati ce, kibiya biyu da suka haɗa kai kuma na nufin an sayar da ita ta halal, ba sato ta aka yi ba. Baƙaƙen D.P. na nuna an rage mata daraja zuwa ta fareti kawai, ba a yarda a harba ta ba. A gindin ƙota sau da yawa akwai ɗan faifan tagulla da aka buga wa sunan bataliya da lambar ma'ajiya. Kamar yadda dattijo ke duban tsagar fuska ya faɗi garin mutum da zuriyarsa, haka masani ke juya bindiga a hannu ya ce an ƙera ta a Enfield, an gyara ta a Indiya, ta ƙare a hannun 'yan sanda.

Kowace ƙasa da irin nata rubutun. Jamus ta ɓoye sunayen masana'antunta da baƙaƙen sirri lokacin yaƙin duniya na biyu: byf na nufin Mauser ta Oberndorf, bnz na nufin Steyr ta Ostiriya, wadda ta yi amfani da fursunonin sansanin Gusen a aikin tilas. Mai riƙe da irin wannan yana riƙe da shaidar zalunci ne, kuma ya kamata takardar da ke ƙarƙashinta a bango ta faɗi haka. Mauser ɗin da Rasha ta ƙwace ana gane ta da alamar X da lambobin da aka sake rubutawa, don an wargaza su ne aka sake haɗawa ba tare da kula da wace ta wace ba. Wasu Mauser ɗin sun ƙare a hannun sojan Isra'ila bayan 1948, da tambarinsa kusa da na Jamus. Finlan takan buga SA a kan Mosin da ta ƙwace daga Rasha. A kan Arisaka ta Japan akwai fure mai ganye 16, tambarin sarki, wanda aka kankare daga mafi yawan waɗanda aka miƙa bayan saranda a 1945. Wadda furenta ke nan galibi a fagen fama aka ɗauke ta. Manoman Boer na Afirka ta Kudu sukan sassaƙa sunansu da na gonarsu a ƙotar Mauser a yaƙin 1899 zuwa 1902. Sojan Suwizalan kuwa, da yake a gida yake ajiye bindigarsa, yakan sa 'yar takarda mai sunansa da garinsu a ƙarƙashin ƙarfen gindin ƙotar K31, kuma akwai masu tarawa da suka bi wannan takarda har suka sami iyalan mai ita.

Inda daraja take, jabu ba ya nisa. Maƙeran yankin Khyber, a iyakar Pakistan da Afganistan, sun fi shekara ɗari suna kwaikwayon Martini-Henry da Lee-Enfield da hannu, har da tambura. Ana kama su ne da kurakurai: harafin N a juye cikin sunan Enfield, ko tambarin Victoria tare da shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a 1901. Sojojin Amurka sun sayo su da yawa a kasuwannin Afganistan bayan 2001 suna zaton na asali ne. Waɗannan aƙalla aikin hannu ne mai nasa tarihin, ko da yake ƙarfensu ba abin amincewa ba ne. Wanda ya fi muni shi ne ɗan kasuwar da ke buga tambarin wata shahararriyar runduna a kan bindigar gama-gari don ya ninka kuɗinta. Saboda haka ake duba ko lambar da ke kan bututu ta yi daidai da ta makulli da sauran sassa, ana kuma fifita wadda ta zo da takardar shaida, kamar izinin da kwamanda ya ba soja na ya tafi da ita gida.

Babban abin da ya girgiza wannan kasuwa a ƙarnin nan daga Nepal ya fito. A wani tsohon gidan sarauta a Kathmandu, Lagan Silekhana, an jibge makaman da rundunar ƙasar ta ajiye tun ƙarni na 19: Brown Bess, Enfield, Snider, Martini-Henry da Ingila ta ba sarakunan Rana saboda ƙawance, da waɗanda maƙeran Nepal suka ƙera da kansu, irin su Gahendra. A 2003, ana tsakiyar yaƙi da 'yan tawayen Mao, aka sayar da tarin ga wasu kamfanonin Amurka biyu, International Military Antiques da Atlanta Cutlery. Kaya ne na kimanin tan 430, bindigogi fiye da 50,000, ban da igwa da wuƙaƙe. Masu tarawa sun yi murna, don Martini-Henry ta zo hannun mai ƙaramin ƙarfi. Gaskiya ne kuma da an bar su da yawa da tsatsa ta cinye. Duk da haka asara ce ga Nepal: tarin da ke nuna tarihin rundunar ƙasa guda daga farko zuwa ƙarshe ya watse ɗaya-ɗaya a ɗakunan baƙi, ba zai sake haɗuwa ba. Wajen 2020 aka yi irin wannan da rumbunan Habasha, aka kwashi bindigogi tun daga na zamanin Menelik har zuwa na yaƙin duniya na biyu zuwa Amurka.

A wajen adanawa, ƙa'idar gidajen tarihi ita ce a tsayar da lalacewa, kada a mayar da tsoho sabo. Abu na farko shi ne masani ya tabbatar babu komai a ciki, don ana yawan samun bindigar ɗurin baki da albarushinta na shekara ɗari. Ana cire dauɗa da tsatsa mai ci a hankali, a shafa kakin da ba ya cin ƙarfe, a bar duhun da shekaru suka sa wa katako da duk wani tabo. Wanda ya bi ƙota da takardar yashi ya share hatiman da ke kanta, kuma ba sa dawowa. Laima ce babbar abokiyar gaba, sai zufar hannu, sai hasken rana da ke busar da katako ya tsage. Ana ɗora bindiga a kan maƙalai masu laushi, a nisanta ta da bangon da ke jiƙa, a kulle ta. Wasu kan jera ta zamani, daga ɗurin baki zuwa mai gidan harsashi. Wasu kan bi yaƙi guda su haɗa makaman ɓangarorin biyu. Wasu ƙira ɗaya tak suke bi daga masana'anta zuwa masana'anta. Mafi cikar tari na ƙirar Ingila shi ne na ɗakin samfura na Enfield, inda ake ajiye gwajin farko na kowace bindiga da aka amince da ita. An rufe masana'antar a 1988, tarin kuma yana hannun gidan makamai na Royal Armouries a Leeds tun 2005.

Doka ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A dokar tarayyar Amurka bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce. A Birtaniya ana iya ajiye tsohuwar bindiga don ado ba tare da lasisi ba in an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939 kuma harsashinta na cikin jerin waɗanda aka daina yi. Martini-Henry ta asali ta shiga, Lee-Enfield ba ta shiga ba. Wadda ba ta shiga ba sai da lasisi, ko a kashe ta yadda ba za ta sake harbi ba, ɗaya daga gidajen gwaji biyu na Landan da Birmingham ya duba ya buga hatimi ya ba da takarda. Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idar kashewar bayan hare-haren Faris na 2015.

A Nijeriya babu wannan rangwame ga mai sha'awa. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu cin harsashin Lee-Enfield, cikin jerin haramtattu da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar toka ma 'yan sanda na iya hana riƙe ta sai da lasisi. Mai son ganin irin waɗannan makamai sai ya nufi gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, ko gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi a Gana, inda aka ajiye makaman da sojojin Gwalkwas suka ƙwato a gabashin Afirka da Burma. Idan tsohuwar bindigar soja ta ɓulla cikin kayan gado, abin da ya dace shi ne a sanar da 'yan sanda, a nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta karɓe ta, a kuma rubuta sunan wanda ya riƙe ta da bataliyarsa da inda ya yi yaƙi tun waɗanda suka san shi suna raye.